Ranar da Mai Awo Ya Matsar da Bango

Tun yana saurayi abokan aiki suka laƙaba masa Mai Awo, sunan kuma ya bi shi har ya danne na yanka. Zanen gini ne sana'arsa. Ya shiga ofishin wani kamfanin gine-gine kansa baƙi wuluk, ya fito furfura ta gama cin gabanta, kuma a tsakani babu wanda zai ce ya taɓa ganinsa ya ja layi ba rula. Tef ɗin awo ba ya rabuwa da aljihunsa. An ce ya taɓa zuwa dubiya asibiti, kafin ya tambayi mara lafiya ya jiki sai da ya auna ƙofar ɗakin, ya shaida wa ma'aikaciyar jinya cewa wanda ya zana ta bai yi tunanin gado zai wuce ba.

A gida ma hali zanen dutse ne. Idan zai yanka wa yara burodi, sai ya karkata kai ya kanne ido ɗaya, yaran suna haɗiyar yawu shi yana neman tsakiya. Matarsa, wadda kowa a gidan yake kira Mama har shi kansa, takan ce da ana auna barci da tuni Malam ya raba musu shi daidai wa daida. Ba ta taɓa jin haushin abin ba. Mutum ne da ba ya cin rabon kowa, sai dai kafin ya ba ka naka ka gaji da tsayuwa.

Yana dab da barin aiki aka kwashe teburan zane daga ofis aka jera kwamfutoci. Ya yi ta ƙunƙuni, ya ce aikin ragwaye ne, ya ce hannu ya fi. Da ya gano cewa layin kwamfuta ba ya karkata ko da hannu ya yi rawa, sai ƙiyayya ta koma soyayya. Bai daɗe ba ya sayo tasa, babba mai akwati, ya kafa ta a kusurwar falo kusa da taga, ya sa Mama ta ɗinka mata mayafi saboda ƙura.

To, a cikin kowace kwamfuta akwai faifan da take ajiye komai a kansa, kuma ana iya yanka shi kashi-kashi, kowane kashi da sunansa, kamar yadda ake yanka fili a fitar da ɗakuna. Ranar da Mai Awo ya ji haka, daɗi kamar ya kashe shi. Ya zauna ya fitar wa kwamfutar nata ɗakin na kayan aikinta, ya fitar da nasa mai faɗi a kusa, sannan ya jera na yara bi da bi: na Babba, na ƙanwarsa da ake ce wa Uwar Tsakiya saboda iyayi, da na Auta, kowa daidai da ɗan'uwansa ba ƙari ba ragi. Sai wani ɗan guntu ya saura a can ƙarshe.

"Mama, ke fa? Nawa zan yankar miki?"

Tana ninke wanki a kan kujera, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni me zan ajiye a ciki, Malam? Tukwane?"

Duk da haka ya ce gida ba ya cika babu ɗakin uwa, ya rubuta sunanta a kan guntun nan. A wajen yankan ne kwamfutar ta tsaya ta yi masa wata doguwar tambaya, wai ɗakunan sun yi yawa, sai ta sauya wa faifan tsari kafin ta iya. Shi kuwa zane yake so ya kammala, ya danna eh bai tsaya karantawa ba.

Kwanci-tashi yara suka girma, karatu ya ja wannan, aiki ya ja wancan, aure ya kwashe saura, kowa ya kama garinsa mai nisa. Gida ya rage daga shi sai ita. Ɗakunan yara a kwamfuta suna nan yadda suka bar su, cike da aikin makaranta, waƙoƙin da aka daina yayi, da wasannin motoci. Nasa ɗakin kuwa rabi tsofaffin zane ne, rabi fili fetal, kuma filin nan yana da dalili.

Ranar da aka yi masa bankwana a ofis, manaja ya riƙe hannunsa ya ce, "Baba, in babban aiki ya taso, kai za mu fara kira." Magana ce irin ta bankwana, wadda ake faɗa ana kallon agogo. Mai Awo ya ɗauke ta alkawari. Babban aiki yana cin wuri, bene a kan bene, kowane hawa da zanensa, don haka ya keɓe masa rabin ɗakinsa, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kullum da safe sai ya yi wanka ya sa riga gogagga, ya yaye mayafin kwamfuta, ya duba ko wayarsa tana da caji, ya zauna. Mama ta san zaman jiran gawon shanu yake yi, kuma tausayinsa yana kama ta ƙwarai, amma ba ta taɓa furtawa ba. Shayi kawai take ajiye masa a gefe ta wuce.

Ita kuma mai tukwane, ashe rabonta yana tafe. Da jikoki suka fara zuwa, hotuna da bidiyo suka riƙa shigowa wayarta kamar ruwan sama. Idonta ya fara rauni, fuskar waya kuma ƙarama ce, sai Uwar Tsakiya ta koya mata yadda ake jona waya da kwamfuta a kwashe su a zuba a ɗakinta. Daga nan falo ya sami sabon tsari. Safiya ta Malam ce da jiran kira, yamma ta Mama ce da jikoki. Takan ja benci ta zauna, ta buɗe wannan yana rarrafe, ta buɗe wancan yana kuka an hana shi cokali, tana yi musu magana kamar suna ji. "Kai, sauka daga nan kar ka faɗo!" Yaron ya faɗo tun bara, ya warke, har ya shiga makaranta, amma kullum sai ta gargaɗe shi.

A ƙarƙashin sunan kowane ɗaki akwai ɗan layi mai nuna yadda ya cika. Na Mama ya yi ta tafiya har ya rine ya koma ja. Ta ɗauka ado ne.

Sai matar Auta ta haihu, ɗansu na fari. Auta ya turo bidiyo mai tsawo, jariri yana miƙa, yana hamma, yana tsuke fuska irin ta kakansa in an kawo masa zane mara kyau. Mama ta jona waya cike da ɗoki, ta ja bidiyon zuwa ɗakinta. Kwamfuta ta ce babu wuri. Ta sake ja, ta sake cewa babu wuri.

"Malam, zo ka ga abarka ta hana jikana shiga."

Ya zo ya leƙa ta saman tabarau, ya yi gyaran murya irin ta masana. "Ɗakinki ne ya cika. Sai ki rage kaya. Ki goge wasu tsofaffin."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube shi. "Wanne zan kora? Nuna min shi da yatsanka. Mai rarrafen ko mai cokalin?"

Bai nuna ba. Aka kira Babba a waya don shawara, ya yi dariya ya ce a share nasa ɗakin duka, shi ya manta ma da akwai shi. Mai Awo ya kashe wayar ransa a ɓace. Ɗan yau ke nan, a ce a rushe ɗakinsa a gidan ubansa yana dariya! A nan kam bakinsu ya zo ɗaya da Mama, ta ce ko tsinke ba za a taɓa na yara ba. Uwar Tsakiya ta ce a sayi ɗan akwatin ajiya da ake jonawa ta waje. Mama ta ce sam, sauran jikoki suna cikin gida, shi wannan daga zuwansa duniya a kai shi ɗakin haya yana lilo a jikin igiya? Ba da ita ba.

A bakin titinsu akwai wani mai gyaran kwamfuta, magidanci mai fara'a, shagonsa cike da gawarwakin injina. Mai Awo bai ɗauki kwamfutar ya kai masa ba. Zama ya yi ya zana faifan a takarda da rula, kowane ɗaki da faɗinsa, har da kibiya mai nuna gaba da baya, ya naɗe ya tafi da shi a hammata. Mai gyara ya baza takardar a kan teburi, ya daɗe yana kallo, ya ce tunda ya fara sana'a ba a taɓa kawo masa mara lafiya a zane ba. Da yamma ya rufe shago ya biyo shi gida.

Da farko ya kwafe komai a nasa akwatin, ya ce ba a taɓa bango sai an fitar da kaya waje. Sannan ya buɗe wani shafi da Mai Awo bai sake gani ba tun ranar rabo. Ga faifan nan a miƙe kamar dogon katako, an yanka shi gida-gida, kowane da sunansa.

"Baba, ka taki sa'a," in ji mai gyara. "Faifai iri biyu ne. Akwai mai taurin kai, wanda ba ya yarda a ƙara wa ɗaki fili sai in filin yana manne da bangonsa. Naka kuwa mai sauƙin kai ne, mu dainamik muke ce masa. Kai ka mayar da shi haka?"

Mai Awo ya tuna doguwar tambayar nan da bai karanta ba. Ya gyara zama ya ce, "To, da wa zai mayar?"

"Madalla. Ka ga naka ɗakin, rabinsa iska ce. Sai mu matso da bangonka ciki, filin da ya fita mu ba Mama. Kayanka ba abin da zai taɓa su. Bangon ma da kansa zai tsaya in ya ci karo da abin da ba ya matsuwa."

"Dakata. Nawa yana nan farko, nata yana can ƙarshe. Ɗakuna uku ne a tsakani."

"Shi ne daɗin wannan irin. Ba ruwansa da maƙwabtaka. Guntu a can, guntu a nan, ya haɗa su su zama ɗaki ɗaya."

Mai Awo ya cire tabarau a hankali, kamar wanda aka zagi sana'arsa a gaban jama'a. "Ɗaki ɗaya? Gado a gabas, ƙofa a yamma, mutum uku suna kwana a tsakani? Wane magini ne ya koya muku wannan?"

"Baba, ai Mama ba za ta ga bambanci ba. In ta buɗe, ɗaki ɗaya za ta gani, mai faɗi."

"Ita ba za ta gani ba. Ni zan gani."

Mai gyara ya dubi Mama, Mama ta dubi silin. Ya nuna masa inda ake dannawa a rage da inda ake dannawa a ƙara, ko da zai sake shawara, ya gargaɗe shi kada ya fara in wuta tana wasa. Ya sha ruwa ya tafi yana murmushi.

Kwanaki suka yi ta wucewa Mai Awo yana kare mutuncin zane. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ji labarin ɗaki mai rabi biyu, da yadda duniya ta lalace har injina sun daina sanin tsari. Mama kuwa ta gane shi sarai. Ta san ba rabi biyun ne ke damunsa ba. Mutumin da ya taɓa fitar da banɗaki a ƙarƙashin matakala ba zai rasa yadda zai yi da guntu biyu ba. Filin ne ba ya so ya saki, domin ranar da ya sake shi ya yarda ke nan cewa wayar nan ba za ta yi ƙara ba. Shi ma ya san ta sani, abin da ya sa yake ƙara ɗaga murya a kan tsari ke nan. Da yamma takan zauna a kujera ta kai wayar dab da hancinta, tana ƙoƙarin gane ko jaririn hancin Auta ya ɗauko ko na uwarsa. Shi kuwa sai ya buɗe jarida ya kare fuskarsa.

Wata safiya ya fita sayen ƙwan fitilar tsakar gida, ya bi ta wata hanya da ya daɗe bai bi ba. A inda ake ajiye manyan motoci a da sai ya ga an kewaye da kwano, gini ya tashi hawa a kan hawa, ƙarafa sun yi cirko-cirko a sama. A jikin allon da ke bakin ƙofa ga sunan kamfaninsu da manyan baƙaƙe. Babban aikin ya zo, har ya yi nisa.

Ƙafarsa ce ta kai shi ciki. Wata matashiya mai hular kwano, zane a hannunta a cikin allon gilashi, ta tare shi da ladabi ta ce, "Baba, wani kake nema?" Ya faɗi sunansa, ya faɗi shekarun da ya yi a kamfanin. Ta ce Allah sarki, ta gaishe shi da kyau, amma a fuskarta ya ga ba ta taɓa jin sunan ba. Ya roƙi ta bar shi ya ga matakala, domin a nan masu zane suke tona wa kansu asiri. Ta bar shi. Ya zaro tef ya auna tsayin taki, ya auna faɗinsa, ya hau ya sauko, ya duba kwana, ya duba inda haske zai shigo. Ya nemi aibu da gaske, irin neman da mutum yake yi wa abin da ya ɓace masa, bai samu ba. Aikin ya yi kyau, shi kansa ba zai fi haka ba. Ya ce mata Allah ya yi albarka, kuma har zuciyarsa ya faɗa, amma sai da ya zauna a kan wani bulo a waje kafin ya kama hanya. Ya koma gida babu ƙwan fitila.

Ya tarar da Mama a gaban kwamfuta da hantsi, lokacin da ba nata ba. Ta buɗe bidiyon jikarsu ta fari tana koyon tafiya, tana taku tana faɗuwa a kan tabarma. Mama ta kalla har ƙarshe, ta sake kallo, sannan ta kai linzamin kwamfuta kan wurin gogewa. Hannunta yana kai amma ba ta danna ba.

"Me kike yi?"

Ta yi firgigit. "Wannan na haddace shi, Malam. Ko na rufe ido ina ganinsa. Ta girma, ta yi haƙuri ta ba ƙaninta wuri."

Ya ga ta share ido da gefen mayafi. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a gaban manaja. Ita tana shirin fitar da abin da take da shi, shi yana gadin abin da babu.

"Ɗaga hannunki daga nan. Matsa."

Ya zauna a bencin, ya dubi fitilar falo ya ga wuta a tsaye take, ya buɗe shafin da mai gyara ya nuna masa. Ya danna kan ɗakinsa, ya zaɓi ragewa. Kwamfuta ta yi ɗan nazari, ta nuna masa iyakar abin da za ta iya cirewa, ta tambaye shi nawa yake so. Bai kanne ido ba, bai nemi tsakiya ba, ya ba ta duka. Bangon ya matso ya tsaya a jikin tsofaffin zanensa, wani fili mara suna ya buɗe a gefe. Ya tsallake Babba, ya tsallake Uwar Tsakiya, ya tsallake Auta, ya je can ƙarshe ya danna kan ɗan guntun Mama, ya zaɓi ƙarawa. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Wannan karon ya karanta tambayar har ƙarshe kafin ya ce eh.

Abin bai kai shan kofin shayi ba. Jan layin ya koma shuɗi, ya ja baya can ƙasa. Ya jona wayarta da kansa ya jawo bidiyon, ya shige ba gardama.

Bai rufe shafin ba tukuna. Yana so ya ga munin abin da idonsa, ya san iyakar ɓarnar da ya yi wa zane. Ga shi kuwa, sunan Mama ya fito sau biyu a kan dogon katakon: ɗaya a can ƙarshe inda ya ajiye ta tun farko, ɗaya a nan, babba, bango ɗaya da nasa.

Mama ta sunkuyo ta kafaɗarsa tana ƙanƙance ido. Ta bi sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe zuwa farko, har ta zo kan na biyun ta tsaya.

"Wannan ma ni ce?"

"Ke ce."

Ta bar yatsarta a kan sunan. Can ta ce, a hankali, ba da sigar zolaya ba, "Ashe dai akwai wuri a kusa da kai, Malam."

Ya buɗe baki zai yi mata bayanin yadda faifai mai sauƙin kai yake aiki, sai ya fasa. Ya matsa gefe a kan bencin, ta zauna. Ya danna bidiyon, jaririn ya cika allo, ya yi miƙa ya tsuke fuska.

"Hancinka ne," in ji Mama. "Duk wahalar da na sha a waya, ashe naka ne."